Aron Hancin Gwaggo

Ina ƴar shekara goma ko sha ɗaya hancina ya karye. Da kaka ne, ana kwaso hatsi daga gonarmu, a ƙauyen da aka haife ni kusa da Koona. An jibga dammuna a amalanken shanu, ni kuma na nace sai na hau can bisa. Muna gangara wani ɗan kwari sai ƙafar amalanken ta faɗa rami, dammunan suka zame, na taho da fuska na bugi ƙarfen gefe. Ban tuna zafin ba. Abin da na tuna shi ne ɗumin jini a wuyana, da Inna tana sheƙowa a guje ta cikin kara, ba takalmi, kallabinta a hannu.

Aka kai ni wurin maɗorin garinmu. Ya duba ya sake dubawa, ya ce hannu da ƙafa ya san inda zai ɗaura musu kara, amma hanci ba shi da wurin ɗauri. Ya sa yatsu biyu ya matsa, na sume, ya shafa man shanu da wani garin magani. Da kumburin ya sauka, hancin ya warke yadda ya ga dama. Ya karkata hagu, ya yi tudu a tsakiya, ƙofar dama kuma ta toshe kamar an cusa mata auduga.

Haka na girma da baki buɗe. Ko ina surfe, ko ina zaune kawai, sai in ji Inna ta taɓa mini haɓa ta ce, "Ke, rufe bakin nan kar ƙuda ya shige." In rufe, numfashi ya gagara, in sake buɗewa. Ba zan ce na sha wahalar mutane ba. A ƙauye kowa ya san ranar da abin ya faru, har sunan shanun da suka ja amalanken an sani, saboda haka ba mai tsayawa kallona. Taubasaina ne kawai, ƴaƴan ƙanwar mahaifina, ba su taɓa ɗaga mini ƙafa ba. Babbansu namiji yakan ce in na nufi gabas hancina arewa ya nufa, kada kowa ya tambaye ni hanya.

Aikin tiyata na farko an yi mini shi ina makarantar horon malamai. Ciwon kai ya matsa mini, ga mura da ba ta ƙarewa. A wani asibiti aka ce za a gyara katangar da ta raba ƙofofin hancin, a kuma goge tudun nan. Aka yi, kuma ban taɓa zargin wanda ya yi ba, don ya yi iyakar abin da ke hannunsa a lokacin. Wata biyu ko uku na ji iska tana shiga ta dama, na yi ta murna. Daga baya a hankali hancin ya koma wa karkatarsa, ƙofar ta sake rufewa. Inda aka goge tudun kuwa sai ya baje, karan hancin ya yi faɗi ya kwanta, har in na sa yatsa nakan ji bakin ƙasusuwan biyu da ɗan rami a tsakaninsu. Na ce to, na gwada, Allah bai nufa ba. Na rufe zancen.

Aka tura ni koyarwa Tasawa, nan na yi aure, nan na haifi ƴaƴana. Maigidana ma'aikacin gona ne, mutum marar yawan magana. Sau ɗaya na taɓa tambayarsa ko hancin yana damunsa. Ya ce shi da wannan ya gan ni, bai san wani ba. Minsharin da nake yi ma sai da muka shekara da shekaru kafin ya faɗa mini, shi ma don ƴarmu ta riga shi tona asirin.

Abin da ya dawo da zancen shi ne aikin koyarwa. Ajin farko nake riƙewa a lakwal, wato makarantar firamare, yara ƙanana cike da ɗaki, kuma duk yini ana maimaita harafi da ƙarfi. Mai numfashi da baki, ga ƙurar alli, kafin hantsi ya ɗaga maƙogwarona ya bushe ƙamas. Da na doshi arba'in sai murya ta fara ɗaukewa, wani lokaci mako guda ina koyarwa da nuni da raɗa. Ido ma ya nemi tabarau, tabarau kuma ya ƙi zama. Duk wanda na sa sai ya zame ya karkace, ina rubutu a allo ina tura shi da bayan hannu, in fito aji da alli a goshi. Wata rana na dawo gida ba murya ko kaɗan, ina yi wa yara nuni su kawo mini ruwa. Maigidana ya dube ni ya ce, "Wannan ba zama ba ne. Mu je a sake dubawa."

A Maradi aka duba aka ce aikin na Yamai ne, muka je can aka haɗa mu da wani lokotoro, wato likita, wanda hanci da kunne da maƙogwaro ne kawai aikinsa. Dattijo ne mai furfura a gemu, Bazabarme, yana jin Hausa amma yakan ce mini "kai" ya ce wa maigidana "ke", mu yi ta danne dariya. Ya leƙa hancin da ƴar fitila, ya lalluba karan da yatsunsa a hankali, ya sa aka ɗauki hoton ƙashin. Sannan ya zaunar da mu ya yi bayani, rabi da Hausa rabi da Faransanci.

Ya ce karan hanci kamar jinkar ɗaki yake, ƙashi biyu ne suka jingina da juna a sama. A aikin farko an sare ƙololuwar amma ba a matso da gefunan sun haɗu ba, shi ya sa ya baje. Katangar ciki kuma ta sake lanƙwashewa ta danne hanyar iska. In za a gyara, sai an sake tsaga ƙasusuwan nan biyu an matso da su tsakiya, a miƙar da katangar, a tokare ta da guringuntsi. Na cikin hancin an riga an taɓa shi, bai isa ba, don haka daga bayan kunnena zai ɗiba.

"Ka sani," in ji shi da ni, "aiki na biyu ya fi na farko wuya. Akwai tabo a ciki. Ba zan yi maka alkawarin ya miƙe kamar zare ba. Iska dai, ina sa rai za ta wuce."

Sai ya tambaye ni yadda hancin yake kafin ya karye, ko ina da hoto na ƙuruciya. Na yi dariya. A garinmu wa ke ɗaukar yaro hoto a wancan zamani? Hotona na farko a duniya shi ne na jarrabawar fita firamare, kuma lokacin hancin ya riga ya karkace. Ya ce to in kawo na dangi, uwa ko ƴan'uwa, wanda aka san muna kama. Ya ce ba ya son ya ɗora mini hancin da ba na gidanmu ba. Ya ba mu lokaci sai babban hutun lakwal.

Da na koma na je ƙauye na faɗa wa Inna. Mahaifina ya riga ya rasu a lokacin, ita ce mai faɗa a ji. Tana tsinke zogale a faifai, ba ta ɗago ba har na gama. Ni ce ƴarta ta fari, ba ta kama sunana.

"Ke ƴar nan," ta ce, "an taɓa sau ɗaya bai yi ba. Mi ya kai ki ki sake miƙa fuska a yanka? Ga mijinki, ga ɗiyanki. Wa ya ce ba ki yi mashi ba?"

Na ce ba don kyau ba ne, Inna, numfashi ne da murya.

"Kuma ba a ce taɓa halitta babu kyau ba?"

Wannan maigidana ya riga ya tambayi limamin unguwarmu, na faɗa mata abin da ya ce: mayar da abin da ya karye mazauninsa magani ne, kamar ɗorin ƙafa. Ta ci gaba da tsinkar ganye. Can na ce mata lokotoron yana son hotonta, don ya ga irin hancin da aka haife ni da shi. Nan ta ɗago ta kalle ni sosai, kamar ta daɗe ba ta gan ni ba.

"Ba nawa ba ne," ta ce. "Ba ki ɗauko ni ba ko kaɗan. Ranar da aka haife ki, kakarki ta karɓe ki ta ce ga hancin gidansu ya dawo. Siriri ne, dogo, da ɗan tsini. In hancinki kike nema, ki tafi Hawandawaki, yana fuskar gwaggonki."

Ban taɓa sanin haka ba. Shekara kusan talatin ina ganin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ban taɓa kallon hancinta da wata manufa ba.

Babban ɗanta, taubashin nan nawa mai tsokana, shi ya zo ya ɗauke ni a moto, wato babur, wata ranar Lahadi. Yanzu ya zama magidanci mai tumbi, yana sayen wake da gyaɗa a kasuwannin ƙauye, amma bakinsa na nan yadda na san shi. Hanyar rairayi ce, moton na ta tangaɗi, wani wuri sai na sauka ya tura. Duk tsawon tafiyar bai bar ni na huta ba.

"Wato yanzu hancin tsohuwata za ki je ki sata? To a biya mu. Kuma in an gyara ki, da mi zan riƙa tsokanarki?"

Na ce ya kwantar da hankalinsa, tumbinsa ya ishe mu hira har ƙarshen rayuwa.

Mun tarar da Gwaggo a tsakar gida tana matsar tunkuza, hannuwanta sharkaf da man gyaɗa. Tsohuwa ce ƴar firit, baƙa, mai kaifin harshe, ga dariya a kusa. Muka gaisa, ta tambayi maigida da yara ɗaya bayan ɗaya, aka kawo fura. Ni kuwa idona na kan hancinta. Yadda Inna ta faɗa haka yake, siriri, miƙaƙƙe tun daga tsakanin gira, fatar ta tattare a gefe amma karan na nan tsaye. Ashe abin da na rasa tun ina yarinya yana nan yana yawo a gidan da nake zuwa kowace sallah.

"Ke lafiya kike kallona haka?" in ji ta. "Ko na yi gemu ne?"

Na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta saki tunkuzar ta riƙe baki, sannan ta fashe da dariya har da buga cinya. Ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira ta kan danga, wai ta zo ta ji, za a kai hancinta Yamai. Ta ce ita da ko Maradi sau ɗaya ta taɓa zuwa, ga hancinta zai riga ta ganin babban birni.

Na fito da waya zan ɗauka, ta ce a'a, ba a haka ba. Ta shige ɗaki. Muka yi ta jira, taubashina har ya gyangyaɗa a gindin bishiyar bedi. Da ta fito ta yi wanka, ta sa atamfar da take ajiya don biki, ta kafa ɗauri, ta ja kwalli, har da ƴan kunne. Na ce, "Gwaggo, hancin kawai ake so." Ta ce, "Shi hancin shi kaɗai zai tafi? Mutanen Yamai su ce ɗiyar wane ƙazama ce?"

Na zaunar da ita a kujera a inuwa. Lokotoron ya ce a ɗauko ta gaba, da ta gefe biyu, da ta ƙasa. Ta gaba ba a sha wuya ba, sai dai ta ƙi daina murmushi. Ta gefe kuwa, duk na juya mata kai sai ta juyo da ido tana neman waya. Da na durƙusa zan ɗauki ta ƙasa ta ce, "Yau na ga abin da ya ishe ni. Har cikin hancin nawa za a leƙa?" Maƙwabta sun taru a bakin danga ana ta shewa.

Da muka gama ta karɓi wayar ta daɗe tana kallon hoton gefen. Ta ce ba ta taɓa ganin kanta ta nan ɓangaren ba. Sai murmushin ya ɗauke, ta ce, "Wanga ai yayana ne." Mahaifina take nufi. Ta miƙo mini wayar, ta share ido da bakin zane, ta tashi ta ɗaure mini ƙuli-ƙuli da kwalbar mai. A bakin ƙofa ta kama haɓata ta juya fuskata hagu da dama, ta ce, "Ki ce ma likitan ya yi a hankali. Allah shi ba shi sa'a."

Da hutu ya zo, Inna da ta fi kowa ƙin aikin ita ta ce ba mai zaman jinyata sai ita. Maigidana ya zauna da yara da aikinsa, don damina ta kama. Muka hau kar, babbar motar Yamai, tun da safe. Inna ba ta taɓa yin doguwar tafiya irin wannan ba. Ta zauna bakin taga da carbinta, tana duba gonakin mutane tana yanke musu hukunci: waɗannan sun yi shuka da wuri, waɗancan ba su iya noma ba, ga ciyawa ta cinye hatsi. Har muka isa ba ta ambaci hanci ba.

Lokotoron ya karɓi wayar ya yi ta jan hotunan da yatsa yana girmama su. Ya tambaya, "Wannan wace ce?" Na ce ƙanwar babana. Ya ce, "Ya yi kwalliya." Inna ta kawar da kai tana dariya a cikin mayafi. Ya ɗora hoton gefen kusa da fuskata ya gwada, ya ce goshinmu ɗaya, haɓarmu ma ɗaya. Ya ce ba zai iya ba ni wannan hancin cif ba, fatata ta yi kauri saboda tabo, amma yanzu ya san inda ya dosa.

Ranar aikin ba ni da abin faɗa da yawa. Na tuna sanyin ɗakin, da wata ma'aikaciya da ta riƙe mini hannu tana tambayata yara nawa ke ajina. Ban gama ba ta amsa ba barci ya ɗauke ni. Da na farka sai na ji kaina ya yi nauyi kamar an ɗora mini turmi. An cushe ƙofofin hancin duka biyu da auduga, an ɗora wani abu mai tauri a kan karan an manne da filasta, kunnen dama a naɗe. Abin mamaki, kunnen ya fi hancin zafi. Inna na zaune a gefen gado tana jiƙa tsumma tana goga mini a leɓe.

"Sannu," ta ce. "An gama. Sannu."

Kwanakin da suka biyo baya ba su da daɗi, amma ba su kai yadda na ji tsoro ba. Idanuna suka kumbura suka yi baƙi, daga baya suka koma ruwan ɗorawa. An hana ni kwanciya sai a jingine, an hana fyace hanci, an hana sunkuyawa, sallah ma a zaune nake yi da nuni. Atishawa in ta zo, da baki buɗe. Inna ta mai da ɗakin kamar gidanta. Ta saba da matan da ke jinyar nasu, Zabarmawa da Fulani, ba ta jin yarensu ba su jin nata sosai, amma kullum sai na ga an miƙo mata kwano ta miƙa wani. Kunu take dama mini mai ruwa-ruwa ta ba ni da cokali. Na ce mata hannuna lafiya lau yake, ta ce in yi mata shiru.

Ranar da aka zare audugar, lokotoron ya ce in riƙe ƙarfen gado. Ya ja, na ji kamar daga tsakiyar kaina ake zaro ta, hawaye suka zubo ba da nufina ba. Ya goge, ya ce, "Rufe baki. Ja." Na ja. Iska ta shige ta dama, sanyi ƙalau, har can bayan ido. Na sake ja. Warin maganin asibiti ya buge ni, da ƙamshin lemun da wata ke ɓarewa a gadon can nesa. Na dubi Inna. Lokotoron ya ce kada in yi saurin murna, zai sake toshewa saboda kumburi kafin ya buɗe gaba ɗaya, kuma haka aka yi.

Ranar cire abin da aka ɗora a karan ita ta fi mini wuya. Duk da an gargaɗe ni, a raina na sa cewa hancin Gwaggo zan gani. Aka miƙo mini madubi, na ga wani abu jajir, kumburarre, yana ƙyalli, ya fi na da girma. Na yi godiya a gaban lokotoron, muka fito. A ƙarƙashin wata bishiya a harabar asibitin na zauna na yi kuka, a hankali, don ko kukan ma ina tsoron ya taɓa aikin.

Inna ta bar ni sai da na gama. Sannan ta ce, "Ke da kika haihu, jariri ranar da ya faɗo haka yake zama? Ki bar shi ya huce." Ta matso ta duba sosai, ta miƙa yatsa daga tsakanin girata zuwa leɓe ba tare da ta taɓa ba. "Ya miƙe dai. Wannan ko makaho ya shafa ya san ya miƙe."

Muka dawo Tasawa hatsi ya kai gwiwa. Maigidana ya tarye mu a tasha. Ya dube ni, ya ce sannu da hanya, ya ɗauki kaya. Sai da muka isa gida ya ce, "Muryarki ta sake." Ban lura ba sai da ya faɗa. Ta daina fitowa ta hanci, ta yi sarari.

Kumburin bai sauka a rana ɗaya ba, bai sauka a wata ɗaya ba. Da safe in tashi hancin ya cika, da yamma ya ɗan sauka. Tsinin ya daɗe ba na jin sa, kamar ba nawa ba. An hana ni ɗora tabarau a kai na wani lokaci, sai na riƙa manne shi a goshi da filasta in zan karanta, yarana na gida suna ta dariya. An hana ni shiga rana sosai, na koma yawo da lema kamar matar gwamna. Da aka koma lakwal na shiga aji ina ɗari-ɗari, kada wani yaro ya yi tsalle ya buge ni da kai. Amma na kai ƙarshen mako da muryata, na kai ƙarshen wata, har aka yi hutun farko ban yi raɗa ko sau ɗaya ba.

A hankali karan ya fito. Ban san ranar ba. Ina shafa mai wata safiya na ga inuwa a gefen hancin, wadda da babu ita saboda faɗi. Ya rage faɗi sosai, ya tashi, ramin tsakiyar ya rufe. Bai kai na Gwaggo siranta ba, kuma in aka ƙura ido akwai ƴar karkata da ta rage wajen tsakiya, ita ma hagu. Da na koma a duba ni na nuna wa lokotoron. Ya ce ya gani, ƙashin da ya daɗe a karkace yakan so komawa gida, wannan ɗan kaɗan ɗin zai zauna haka. Ya tambaya ko ya dame ni. Na yi tunani da gaske kafin in ba shi amsa, na ce a'a.

Gwaggo ba ta jira na je ba. Bayan an gama girbi ta sa ɗanta ya kawo ta Tasawa a bayan moto, ta sauka tana dafe da ƙugu tana tsine wa hanya. Ko ruwa ba ta sha ba ta ja ni tsakar gida inda haske yake, ta kama haɓata kamar wancan karon.

"To," ta ce, "ba laifi. Ya yi ƙoƙari. Nawa dai ya fi."

Ɗanta ya zagaya ni ya duba ta nan ya duba ta can, ya ce yanzu in na nufi gabas hancin gabas ya nufa, sai dai yana ɗan waiwayen arewa don sabo. Gwaggo ta kwana biyu a wurinmu, duk wanda ya shigo sai ta ba shi labarin yadda hancinta ya je Yamai ya dawo.

Wajen shekara da yin aikin aka yi suna a dangin maigidana a Mayahi. Yawancinsu ba su san an yi mini komai ba, kuma rabona da su tun kafin tafiyar. Na shirya amsoshin da zan bayar tun a mota. Muka shiga gida cike da mata, ana ta tuƙin tuwo, ana kai kwanuka waje. Na bi su ɗaya ɗaya na gaishe su. Wata ta ce na yi ƙiba. Wata ta ce hutu ya karɓe ni. Yayar maigidana ta daɗe tana kallona, na ce yau ga wadda ta gane, sai ta ce, "Wanga ɗaurin kallabi ya yi maki kyau, haka za ki riƙa yi." Ba wadda ta ambaci hanci.

Aka miƙo mini jaririyar na karɓa, aka matsa mini wuri a tabarma. Wata tsohuwa ta turo mini tire na albasa da wuƙa ta ce tunda na zauna in taya su. Na mayar da jaririyar ga uwarta, na ja tiren gabana na fara yanka, idona na ta ruwa, ana ta hirar tsadar barkono a kasuwar bana.